Allura, Ɗori da Gyambo: Yadda Ake Rasa Ƙafa Ba da Niyya Ba

Yaro ɗan shekara uku ya yi zazzaɓi, an kai shi kemis ɗin bakin layi, an kifa shi a cinyar uwarsa, an tsira masa allura a tsakiyar ɗuwawu. Ya tsala ihun da ya fi na kullum, amma wane yaro ne ba ya kuka in ya ji tsini? Bayan kwana biyu zazzaɓi ya sauka. Sai da ya miƙe zai shiga cikin yara aka lura tafin ƙafarsa ɗaya na reto, yatsun na sharar ƙasa, sai ya ɗaga gwiwa sama sosai kafin ya jefa ƙafar ta faɗi. Kakarsa ta ce shan inna ce, maƙwabciya ta ce iska ce ta taɓa shi. Masu aikin gashin ƙashi a asibitocinmu sun san wannan tafiyar tun daga nesa, kuma tambayar farko da suke yi ita ce: a ina aka yi masa allura?

Ƙafar ɗan Adam, daga kwatangwalo zuwa yatsu, ƙashi 30 ne, da tsoka mai yawa, da jijiyoyin jini, da jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin laka da tsoka. Gaɓa ce mai juriya, ita ke ɗaukar mutum tun yana tatata har tsufa. Amma akwai wasu 'yan wurare da jijiyoyin nan ke ratsawa ta matsatsi, ko su biyo dab da fata, ko kuma ya zama hanya ɗaya tak ce ke kai jini. Kusan duk wata ƙafa da ta shanye ko aka yanke ba don haɗarin da ya murƙushe ta nan take ba, in aka bi diddigi, a ɗaya daga cikin wuraren nan aka yi kuskure. Sau da yawa kuma mai kuskuren taimako ya zo yi.

Mu fara da inda allurar ta shiga. Saiwoyi biyar ne ke fitowa daga ƙasan gadon baya su haɗu su zama jijiyar saƙo mafi girma a jiki, wadda likitoci ke kira sayatik. A jikin babban mutum faɗinta ya kai na babban yatsan hannu. Tana fita daga cikin kwatangwalo ta wata kafa, ta shige ƙarƙashin babbar tsokar mazaunai, ta bi ta tsakanin ƙashin da muke zama a kansa da tudun ƙashin nan da ake ji a gefen katara, sannan ta gangara ta bayan cinya. Kafin ta isa bayan gwiwa sai ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya wuce sha raɓa da tafin ƙafa, shi ke sa mutum ya yi ɗage. Ɗayan ya karkata waje ya koma gaban ƙwauri, shi ke ɗaga tafin ƙafa da yatsu sama. Wannan na biyun shi ya fi saurin lalacewa, shi ya sa abin da aka fi gani bayan muguwar allura shi ne ƙafa mai reto.

Abin da ake koya wa ɗalibin aikin jinya shi ne ya raba ɗuwawu gida huɗu a ransa, ya yi allura a kason sama na waje, can kusa da ƙugu, inda jijiyar ba ta bi. Tsakiya, inda nama ya fi tudu kuma ido ya fi kai wa, nan ne daidai kan hanyarta. Ga ƙaramin yaro ma ba a son ɗuwawun gaba ɗaya. Tsokar wurin ba ta cika sai yaro ya daɗe yana tafiya, in kuma mai tamowa ne, tsakanin fata da jijiya ba wani abin kirki, ga shi yana zillo ana danne shi. Shi ya sa ake yi wa jarirai allurar rigakafi a gefen cinya ta gaba, kuma shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in dole sai an yi allurar kwinin a tsoka, a yi ta a gaban cinya. Ba tsinin kaɗai ke ɓarna ba, maganin kansa in ya kwarara a jikin jijiya yana ƙona ta. Babba zai iya faɗa: zai ji wani abu kamar wutar lantarki ya tsarga masa har tafin ƙafa. Da an ji haka a zare allura, kada a ce masa ya daure saura kaɗan.

Laifin ba na mai kemis kaɗai ba ne. Mu ne muke shiga mu ce in ba a yi allura ba, ba a yi magani ba, alhali yawancin zazzaɓin cizon sauro ƙwaya ke kashe shi. Allura ta wanda ya galabaita ce ko mai aman da ba ya riƙe komai, kuma irin wannan asibiti ya kamata ya kwana.

Maganar kakar yaron ma ba abin yarwa ba ce. Ƙa'ida ce duk yaron da bai kai shekara 15 ba, in wata gaɓarsa ta saki farat ɗaya, a sanar da jami'an lafiya a ɗauki bayan gidansa sau biyu a gwada. An ga ƙarshen asalin ƙwayar shan inna a Najeriya a jihar Borno a 2016, aka kuma ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agusta, 2020, sai dai har yanzu ana samun wani nau'inta a inda rigakafi ya yi ƙaranci. Akwai abin da ke bambanta su a gaban likita: shan inna ƙarfin tsoka take kashewa ta bar ji, raunin allura kuwa yakan tafi da duka biyun, a tsikari bayan ƙafar yaro bai ji ba. Jijiyar da ta ji rauni tana iya sake tsirowa, amma da kusan milimita ɗaya a rana, wato wajen inci ɗaya a wata. A lissafa nisan da ke tsakanin mazaunai da ƙwauri. Kafin ta iso, dole a sa wa ƙafar abin da zai tallafe ta a miƙe, a kuma riƙa motsa ta kullum, in ba haka ba agara ta ƙanƙance, ƙafar ta sandare a karkace ko da jijiyar ta dawo. Tsokar da ta shekara ɗaya da rabi ba saƙo kuwa da wuya ta farfaɗo, sai dai likita ya ciro wata igiyar tsoka daga baya ya dasa ta a gaba.

Sa hannu a gefen gwiwarka ta waje, ka ɗan gangaro. Za ka ji wani ɗan ƙululun ƙashi. Kan siririn ƙashin ƙwauri ke nan, kuma a ƙasansa kaɗan reshen nan mai ɗaga ƙafa yake naɗe wuyan ƙashin, ba abin da ya rufe shi sai fata. Kuturta na kama shi a nan har ya yi kauri a ji shi da yatsa. Doguwar tsugunno a gona na iya danne shi, haka wanda ya daɗe a sume ƙafarsa na jingine da ƙarfen gado. Bakin filasta ko karan ɗori in ya zauna daidai wurin, kwana ɗaya ya isa.

To ga mu a ƙwauri, inda aka fi asarar ƙafafun matasa. Ƙashi biyu ne. Babban, sangali, shi ke ɗauke da kusan duk nauyin jiki. Siririn kuwa aikinsa riƙe tsoka da tokare idon sawu ta waje, har likitoci kan yanki wani sashe nasa su yi gyara a wani wuri mutum ya ci gaba da tafiyarsa. Gaban sangali ba nama, kowa ya taɓa buga shi a kujera ya san haka. Don haka in mota ta daki ɗan acaɓa, gaban motar daidai nan yake sauka, ƙashin ya karye ya huda fata ya fito, ƙasa da ƙura su shiga. Kashi ɗaya cikin uku na ƙasan sangali kuma jini bai wadace shi ba, karayarsa na da nawar haɗuwa ko a hannun wa take.

Amma babban abin da ya kamata kowa ya sani game da ƙwauri ba ƙashi ba ne. Wanda ya taɓa tsayawa ana fiɗar ragon layya ya ga wani farin tantani mai sheƙi da ke lulluɓe da naman ƙafa, mai tauri, sai an sa wuƙa. Mu ma muna da shi, kuma tsakanin gwiwa da idon sawu ya raba naman gida huɗu: ɗaya a gaba, ɗaya a gefe, biyu a baya. Kowane gida da tsokarsa, da jijiyar jininsa, da jijiyar saƙonsa, a rufe ruf. Tantanin nan ba ya miƙewa. In ƙashi ya karye, jini ya zuba a ciki, nama ya kumbura, ba inda kumburin zai tafi. Matsi na hawa, ƙananan hanyoyin jini masu ciyar da tsoka su ne farkon toshewa, tsokar da ta rasa jini ta ƙara kumbura, matsi ya ƙara hawa. Cikin awa shida zuwa takwas naman ya fara mutuwar da ba dawowa. Abin da ke ruɗar mutane, har da wasu ma'aikatan lafiya, shi ne babbar jijiyar jini takan ci gaba da bugawa a bayan ƙafa alhali nama na mutuwa a ciki. Jiran bugu ya ɗauke jiran gawa ne.

Yanzu a kawo wannan ƙafar, wadda za ta yi kwana biyu zuwa uku tana ƙara kumbura, a jera mata karare, a naɗe da tsumma, a tamke da igiya tamau don kada ƙashi ya motsa. An ƙara mata bango na biyu ke nan a kan wanda Allah ya yi mata. Dare ya yi, mai karaya ya fara wani irin ihu da ya fi na lokacin da ya faɗi. An ba shi maganin ciwo bai ji ba. In aka ɗan lanƙwasa masa babban yatsa sai ya kusa suma. 'Yan uwa na gefe suna cewa, “Daure mana, kai fa namiji ne, ƙashi ne ke kamawa.” Kashegari ya ce yatsunsa sun yi masa nauyi kamar ba nasa ba. Kwana na uku ciwon ya lafa, kowa ya yi hamdala, ba a san jijiyar ce ta mutu ba. Sai ƙuraje masu ruwa su fito a tsakanin karare, yatsu su yi baƙi, wari ya tashi. A wannan matakin ake ɗauko shi zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano ko wani babban asibiti, likita ya ce sai an yanke, a koma gida ana cewa asibiti ba su iya komai ba sai yanka. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna rubutu a kan wannan ruɓewar, har sun laƙaba mata sunan masu ɗori.

In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu. Mai ɗori yana kusa, yana da sauƙin kuɗi, yana karɓar abin da ya samu, yana zuwa har gida, kuma sana'ar gado ce da mutane suka yarda da ita tun kaka da kakanni. Karaya da yawa na warkewa a hannunsa, don ƙashi da kansa yake haɗuwa in aka hana shi motsi. Filastar asibiti ma in ta matse irin wannan ɓarnar take yi. Tun 1881 wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, ya bayyana yadda ɗauri mai tsanani ke kashe tsoka ya bar gaɓa a ƙanƙance, kuma a kan aikin likitoci yake magana. Bambancin shi ne an koya wa likita kada ya zagaye sabuwar karaya da filasta ba tare da ya bar wa kumburi hanya ba, ya dawo ya duba yatsu, in ciwo ya wuce misali ya tsaga komai har fata. In hakan bai isa ba a shiga tiyata a tsaga tantanin da dogayen yanka biyu, a buɗe gidajen huɗu, a bar su a buɗe kwanaki. Abin ba kyan gani, amma ƙafar na tsira. Abin da mai ɗori ya rasa ba ƙwarewar hannu ba ce. Hoton ƙashi ya rasa, da sanin cewa akwai karayar da ba tasa ba: wadda ƙashi ya huda fata, wadda ta shiga cikin gaɓa, wadda yatsu suka yi sanyi ko suka daina ji.

Su ma Turawa daga ɗori suka taso. Hugh Owen Thomas, wanda aka haifa a 1834, ɗan gidan masu ɗori ne na gado daga tsibirin Anglesey a yankin Wales. Mahaifinsa na sana'ar a birnin Liverpool ba tare da takardar likita ba, amma ya tura 'ya'yansa makarantar likitanci. Hugh ya haɗa abin da ya gada da ilimin sassan jiki, ya ƙera wani ƙarfe mai zobe da ke tokare a kwatangwalo ya miƙe har ya wuce tafin ƙafa, ana ɗaure ƙafar a ja ta a jikinsa. Ya bayyana shi a 1875. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Robert Jones, wanda ya tashi a hannunsa, ya sa aka riƙa amfani da ƙarfen a fagen daga tun daga 1916, kuma alƙaluman da aka fi ambatawa sun ce mutuwar sojojin da harsashi ya karya wa cinya ta sauko daga kusan 80 cikin 100 zuwa ƙasa da 20. Har yau ana amfani da shi. A ganina darasin a fili yake: zagin masu ɗori bai taɓa ceton ƙafa ko ɗaya ba, koya musu alamomin nan uku ko huɗu da buɗe musu ƙofar turo majinyaci ba tare da an ci musu fuska ba shi zai rage yankan.

Me ya sa karayar cinya ke kisa haka? Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo da ƙarfi a jiki, wajen rubu'in tsayin mutum, kuma nama mai yawan jini ne ya kewaye shi. In ya karye, lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi na jini na iya tsiyayewa a cikin cinyar ba tare da ɗigo ya fito waje ba, alhali duk jinin babban mutum wajen lita biyar ne. Tsokokin kuma su taƙure, su ja guntayen ƙashin su haye juna suna yankan nama. Wanda aka kwaso daga haɗari cinyarsa ta yi suntum, yana gumi mai sanyi, yana neman ruwa, jini yake zubarwa ko da rigarsa fes take.

Can sama kuma labarin daban ne. Ƙashin cinya ba a miƙe ya shiga kwatangwalo ba. Yana da wuya da ya karkata da kusan digiri 125, a ƙarshensa kuma dunƙulallen kai mai juyawa a cikin ƙoƙo. Jinin da ke ciyar da kan nan ta jikin wuyan yake hawa a wasu siraran jijiyoyi, kamar gidan ƙarshen lungu da bututu ɗaya ke kai wa ruwa: in aka fasa shi a hanya, ba wani maƙwabcin da zai taimaka. Tsohuwa ta zame a banɗaki, ta kasa tashi, ƙafarta ɗaya ta gajarce, tafin ya kwanta waje. Wuyan ne ya karye. Ba karan da zai iya riƙe ƙashin da ke can cikin nama, kuma ko ya haɗu, kan na iya mutuwa. Shi ya sa sau da yawa likita ke cewa a cire kan a sa na ƙarfe, kuma a yi cikin kwana ɗaya ko biyu. Iyali kan ce ta tsufa da tiyata, a bar ta ta huta. Kwanciyar ce ke kashe ta: ciwon huhu, gyambon baya, daskarewar jini.

Wannan lungun ne kuma ke cutar masu amosanin jini. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila a Najeriya duk shekara, fiye da kowace ƙasa. Ƙwayoyin jininsu masu lanƙwasa na toshe siraran hanyoyin, kan ƙashin ya mutu a hankali, ya lotsa. Saurayi ko budurwa za su fara jin ciwo a hantsa, su fara ɗingishi, zaman tahiya da harɗe ƙafa su gagara. A farko hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna komai, sai na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki dalla-dalla, kuma a farkon ne ake iya yin wani abu kafin a kai ga sauya gaɓar ɗungurungum. Wani abin lura ga iyaye, ko yaro mai sikila ne ko a'a: jijiyar saƙo ɗaya ce ke hidimar kwatangwalo da cikin gwiwa, don haka ciwon sama kan ɓuya ya bayyana a ƙasa. Yaro na ɗingishi yana nuna gwiwa, an yi ta shafa mata man zafi, an ɗauki hotonta lafiya lau. A duba kwatangwalo.

Gwiwa ita kanta ba sai an daɗe a kanta ba, kowane gida akwai mai fama da ita. Guringuntsin da ke shimfiɗe a bakin ƙasusuwan ba shi da jijiyar jini, in ya cinye ba ya komawa, kuma kowane kilo ɗaya da mutum ya ƙara, gwiwa na jin kusan huɗu a duk taku. Rage ƙiba da ƙarfafa tsokar gaban cinya sun fi yawancin abin da ake saya a kwalba. Abu ɗaya na gaggawa: babbar jijiyar jinin ƙafa a manne take da bayan gwiwa, don haka gwiwar da ta goce a haɗari, ko ta koma da kanta, sai an tabbatar jini na sauka.

Saukar jini zuwa ƙafa mai sauƙi ce, zuciya na turawa. Dawowarsa ce aiki, don hawa zai yi. Jijiyoyin da ke mayar da shi suna da 'yan ƙofofi masu buɗewa sama kawai, kuma suna ratsa cikin tsokar sha raɓa, duk taku ɗaya tsokar ta matse su ta tura jinin gaba. In mutum ya daina taku, jinin ya kwanta, in ya kwanta yana iya daskarewa. Mai jego, musamman wadda aka yi wa tiyata, da wanda karaya ta kwantar, da wanda ya kwana a takure a motar Kano zuwa Legas ko jirgin Makka, duk suna cikin haɗarin. Ga masu ciki an fi ganinsa a hagu, saboda a cikin ciki babbar jijiyar jinin dama ta haye kan mai dawo da jinin hagu tana ɗan danne ta. Alamar ita ce ƙafa ɗaya, ba biyu ba, ta kumbura, ta yi ɗumi, sha raɓa na ciwo. Abin da hannu ke fara kai wa shi ne tausa da ruwan zafi, kuma shi ne abin da ba a so, don gudan jinin na iya ɓallewa ya bi ta zuciya ya toshe huhu. Irin mutuwar nan ce da ake cewa lafiya lau take, ta tashi za ta shiga wanka kawai ta faɗi. Tsokar sha raɓar nan a agara ta ƙare, igiya mafi ƙarfi a jiki, amma sifro, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake sha barkatai da sunan taifot na cikin abin da ke raunana ta har ta tsinke, musamman ga tsofaffi. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai ƙarfi a kan haka tun 2008.

Daga idon sawu zuwa yatsu ƙashi 26 ne, ƙafa biyu 52, rubu'in ƙasusuwan jiki 206 ke nan. An jera su sun yi baka, nauyi na sauka a dunduniya da tushen yatsu. Abin da ke tsare wannan ginin shi ne ji. Ɗan tsakuwa ya shiga takalmi, kafin ka yi taku uku ka tsaya ka cire. Jijiyoyin da ke kawo wannan jin su ne mafiya tsawo a jiki, wasu sun kusa mita guda daga gadon baya, kuma ciwon suga daga mafi tsawo yake fara ci. Shi ya sa yake farawa da yatsun ƙafa: zafi kamar barkono da dare, ko jin kamar ana tafiya a kan auduga, daga baya shiru.

Dattijo mai suga ya cire takalmi ya taka simintin harabar masallaci da azahar a watan Afrilu, tafinsa ya ƙone bai sani ba. Ko ƙusa ta ɓullo a cikin takalminsa ya wuni a kanta. Ko da hunturu ya miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta ya yi barci. Ko mai yankan farce ya zurfafa reza, ko ya kankare masa kaushi har ya taɓa nama. Ciwon ba ya zafi, don haka ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci, ya ci gaba da taka shi. Sugan ya riga ya ƙuntata hanyoyin jini, ya kuma raunana garkuwar jiki. Tafin ƙafa shi ma gida-gida ne a rufe kamar ƙwauri, mugunya ba ta samun mafita ta ƙasa saboda kaurin fata, sai ta bi igiyoyin tsoka ta yi sama. Ramin da ake gani bai fi bakin kwalba ba, abin da ke ciki ya kai idon sawu. A nan ake cewa ya taka sammu, ko daji ne ba ya son ƙarfe, a yi makonni ana barbaɗa gari. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar masu ciwon suga zai gamu da gyambon ƙafa a rayuwarsa, kuma mafi yawan yankan da ake yi musu da ɗan ƙaramin gyambo ya fara.

Gwajin ba shi da tsada. Akwai wurare biyu da ake jin bugun jini: a bayan ƙafa, gefen igiyar da ke ɗaga babban yatsa, da kuma bayan idon sawu ta ciki. Akwai wani ɗan siririn zaren roba da ake dannawa a tafin ƙafa da nauyin giram 10, wanda bai ji shi ba ya rasa mai gadinsa. Duk mai suga ya cancanci a cire masa takalmi a duba haka aƙalla sau ɗaya a shekara, in likita ya manta ya tuna masa. Musulmi kuma yana da damar da wasu ba su da ita, yana wanke ƙafa sau da yawa a rana. Abin da ya rage shi ne ya duba da ido lokacin da yake wankewa, har tafin da tsakanin yatsu, ya tsane su, ya zazzage takalmi ya shafa cikinsa da hannu kafin ya sa. In ido ya yi rauni, ɗa ko jika ya duba masa.

In abin ya riga ya wuce gyara, saura tambayar a ina za a yanke, kuma nan ma sassan jiki ne ke yanke hukunci. Likita na neman inda jini ke isa, yana kuma yin iya ƙoƙarinsa ya bar gwiwa. Wanda aka yanke wa ƙasa da gwiwa, in ya sami ƙafar roba, ƙarfin da yake kashewa a tafiya ya fi na mai ƙafa biyu da kamar kashi 25 zuwa 40 cikin 100, da yawa suna komawa kasuwa da gona, wasu in sun sa wando ba mai ganewa. Wanda aka yanke wa sama da gwiwa kuwa ƙarin ya haura 60, ga tsoho mai ciwon suga yakan kusa ninki, kuma da yawansu ba sa sake tafiya sai a keke. Ruɓa ba ta tsayawa jiran shawara. Ranar da likita ya ce yatsa biyu za a cire, iyali suka sa hannu suka ɗauke majinyaci don a gwada wani wuri, in suka dawo bayan mako biyu maganar ta koma ƙasan gwiwa. In suka sake tafiya suka dawo, ta koma cinya, kuma a lokacin ba ƙafar ake ƙoƙarin ceto ba, ransa ne.